Kabad ɗin Malam Zailani

Yayana Malam Zailani ya yi shekara talatin da ɗaya yana bin motar haƙar rijiyar burtsatse. Ba injiniya ba ne, mai ɗaukar bututu ne, kuma a haka ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, gwiwarsa ta lalace, ya dawo gidansa na Limawa ya zauna da ɗansa Abdulrauf da matar ɗan, Nabila.

Abu ɗaya ya tara a duk aikin nan. Duk garin da suka haƙa ruwa ya fito, sai ya ɗebi ƙasar da ta fito tare da ruwan farko, ya shanya, ya zuba a 'yar kwalbar allura, ya rubuta sunan garin da ajami ya manna. Kwalba tamanin da uku. Akwai ja, akwai fara sol, akwai baƙa mai ƙyalli ta wajen Ringim. Sun yi shekaru cikin tsohon buhu a ƙarƙashin gadonsa, ba wanda ya sani sai ni, kuma ni ban taɓa ganin amfaninsu ba.

Bayan ritaya ya ce zai yi musu kabad. Bai taɓa koyon kafinta ba. Ya sayo katakon maɗaci, ya ari zarto, ya zauna a zaure. Wata biyar yana abu ɗaya. Ya ɓata katako uku kafin ya iya yanka a miƙe, ya fasa gilashi sau biyu, ya daki babban yatsansa da guduma har farcen ya fita. Ya auna tsawon kwalba da tsinken tsintsiya, ya yi hawa bakwai, kowane hawa daidai tsawon kwalba da ɗan yatsa ɗaya a sama.

Ranar da ya gama ya aika a kira ni. Na duba na ce, "Yaya, ƙofar ta karkace."

"Kaɗan ne," in ji shi.

"Kuma kamar akwatin masu sayar da soyayyen kifi."

Ya yi dariya, amma bai ji daɗi ba. Ya kafa kabad ɗin a falo, ya jera kwalaben bisa shekarar da aka yi kowace rijiya. Burinsa baƙo ya shigo ya tambaya, shi kuma ya nuna kwalba ya ce a garin nan mata suna tafiyar awa biyu neman ruwa kafin mu je. Ba wanda ya tambaya. Masu shigowa sukan kalli kwalaben, su kalli rubutun, su ɗauke kai.

Sati uku bayan haka Fiddausi, jaririyar Nabila, ta kama zazzaɓi har da sanƙarewa. Damina ce, kwatar ƙofar gidan cike da sauro, kowa ya san abin da ke kawo wannan. Amma uwar Nabila ta zo dubiya, ta tsaya gaban kabad, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin kirki yana ajiye ƙasa a kwalba da rubutu ba. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa ƙasar kabari ce. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna sallah sahu ɗaya da shi suka fara matsawa.

Ina gidan ranar da Abdulrauf ya shigo da bokiti. Yana da digiri, yana aiki a sakatariya.

"Baba, za a fitar da waɗannan."

"Ƙasar rijiya ce, Abdulrauf. Karanta mana, ga sunan gari."

"Ni ban iya wannan rubutun ba."

"To ga Gwaggonka, ta sani."

Na ce na sani, ƙasar rijiya ce, kuma a kai yarinya asibiti. Abdulrauf ya ce, "Gwaggo, an kai ta. Amma ni ke fita cikin mutane." Na gaji, kuma a raina na ce ƙasa ce kawai. Ba zan yi ƙarya in ce na tsaya wa Yaya ba.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya ce a bar shi ya buɗe da hannunsa, kada a fasa. Yana buɗe kowace kwalba yana faɗin sunan garin, yana juyewa a bokiti. Wajen ta ashirin Abdulrauf ya duba agogo ya ce lokacin ofis yana wucewa, ya kwashe sauran da hannu biyu ya watsa ciki. Aka zuba ruwa, aka juye a kwata. Fiddausi ta warke da allurar asibiti bayan kwana huɗu, uwar Nabila ta ce kun gani.

Kabad ɗin ya yi wata biyu babu komai a ciki. Sai Nabila ta fara sana'ar awara, ta ce ga abu yana zaune a banza, ga ƙuda yana damunta. Aka fitar da shi ƙofar gida, aka ɗora a benci. Washegari ta leƙo zaure inda yake zaune.

"Baba, hawan nan sun yi kusa da juna, faranti ba ya shiga. A cire min huɗu."

Ya tashi ya ɗauko guduma. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya don kada katakon ya tsage, ya goge gurbinsu da samfefa. Ya kuma gyara ƙofar da na ce ta karkace. Nabila ta hura wutar suya da katakon da ya cire.

Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Kullum da yamma yana kan tabarma kusa da kabad ɗin, wanda mai ya jiƙa har ya yi baƙi. Idan Nabila tana ciki, shi ke miƙa wa masu saye awara. A unguwa ana ce masa Baba Mai Awara, kuma yana amsawa.