Ranar da Anka Shafe Ni da Man Gujiya

Tun ɗiyata tana wata bakwai nike tsoron ranar yaye. A wurinmu in an yaye yaro wajen kakarsa ake kai shi, uwar mijina kuwa can Tamaske take zaune. Ina daka ina tunanin abin, ina jan ruwa ina tunaninsa, alhali ba wanda ya ce mini komai.

Bayan shekarar fari anka kawo aikin duwatsu. Maza sun tafi ci-rani, har da maigidana, mu mata munka rage muna ɗaukar dutse muna jerawa gefen tudu don tare ruwan sama, ana ba mu hatsi. Dutse a ka, goyo a baya. Wata safiya na tashi wuyana ya ƙage. In an kira ni sai in juyo gaba ɗaya kamar an juya tulu. Ɗaurin goyo ma ya gagare ni, maƙwabciyata ce ke goya mini yarinyar.

Haka Inna, uwar mijin nawa, ta iske mu ran kasuwa. Ta dube ni, ta dubi jikarta a bayan wata.

"Uwar da ba ta iya goyo, mi za ta yi da ɗiya? Kasuwa mai zuwa in na iske ki haka, da ita zan koma."

Shekarar yarinyar ɗaya da wata biyu fa. Na ruga wajen wanzami ya yi mini ƙaho, na tashi da tabo shida da wuyana yadda yake. Maƙwabciyar tawa ta ce akwai wata ungozoma a gidan likita na Keita da ta koyi tausa wajen wata nasara. Munka hau kamyon, babbar motar duwatsu, munka tafi, tana riƙe da yarinyar.

Ni dai a sanina magani da zafi yake: ƙaho, tsaga, pikiri wato allura, ruwan jego. Da ungozomar ta ce in kwanta rubda ciki a kan tebur, sai na cusa bakin zanena cikin haƙora, kamar ranar da na haihu, don kar a ji muryata. Na runtse ido. Na ji ta murza man gujiya, wato gyaɗa, a tafinta, ta ɗora hannu a ƙuguna, ta ja shi sannu a hankali har kafaɗa, ta sake dawowa. Ina ta jiran zafin.

"Ke, haihuwa kika zo yi? Tofar da zanen nan."

Na tofar, na ce wa ungozomar: "Baba, yaushe za a fara?"

"An fara tun ɗazu. Saki jikinki, kin sandare kamar taɓarya."

Ta shiga murza kafaɗuna kamar mai dama fura. Sai yatsanta ya sauka kan haƙarƙarina. Ashe ina da cakulkuli, ban sani ba, don tun ina ƙarama ba wanda ya taɓa ni a wurin. Dariya ta kuɓuce mini. Na toshe baki, ta fito ta hanci. Ungozomar ta ce, "To, amarya," na ƙara fashewa. Maƙwabciyata ta kama, har tana riƙe ciki. Lokotoro, wato likita, ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, wata ce ke jinya," in ji Baba.

Daga nan ta koma bubbuga bayana da gefen hannuwa kamar makaɗi, muryata na rawa, hawaye na zuba kan tebur. Sai na ji tafi daga bayana. Na waiga, ɗiyata ce ke tafa hannu tana ƙyaƙyatawa.

"Wa ya juya miki kan?" Baba ta ce.

Sai lokacin na lura. Na juya hagu, na juya dama, na sake juyawa, kamar kaza tana kallon shaho. Da sauran ciwo, amma yana tafiya.

Sau uku na koma a makon. Kullum in dawo ina ƙanshin ƙuli-ƙuli, awakin gidanmu na bina suna lasar gwiwar hannuna, ni kuwa ina gaida mutane hagu da dama, har waɗanda na riga na gaida.

Ran kasuwa Inna ta zo da zanen goyonta a ninke a ka. Ta duba wuyana.

"Ban da na ƙaho, ina tabon sabon maganin?"

"Babu tabo, Inna. Mai ne kawai da hannun wata ungozoma."

"Magani ba zafi ba tabo? Goya ta in gani."

Na duƙa, na ɗora yarinyar, na ja zane na ɗaure tamau. Inna ta zagaya bayana ta ce, "Ke." Na waigo da kai kaɗai, ina danne dariya, don ba a yi wa suruka dariya. Ta ƙura wa wuyana ido. Can ta kai hannu kafaɗarta tana matsawa.

"Ita wagga matar, tana taɓa tsofaffi?"

Ɗiyata ta sha nononta har lokacinta ya cika, da ƙafarta ta shiga Tamaske.

Roƙona gare ka mai karatu, in akwai mai goyo a gidanku, kar ka jira sai wuyanta ya ƙage. A ɗumama ɗan mai a tafi, a sa ƴar'uwarta ta murza mata kafaɗu daga ƙasa zuwa sama, a hankali. In ta yi dariya, a ƙyale ta ta yi.