Maigida Sabo da Kunnen Ƙanena

Sunana Balki, ina soya waina a bakin layinmu a Unguwar Kanawa. Tun safe mutane ke tambayata me ya same ni nake ta washe baki, har na ƙara wa wata mata waina uku ba ta roƙa ba. To maganar ƙanena ce, Abdulƙadir. Yawancin labarin ba daɗi, amma bari in ɗauko shi daga farko.

Abdulƙadir da kunne yake cin abinci. Shekararsa talatin da biyu, yana da mata, Samira, da 'ya'ya biyu. Mai haɗa sauti ne. In za a yi biki ko taro shi ke kawo lasifika da makirufo, ya ja wayoyi, ya zauna bayan wani akwati mai maɓallai rututu da suke ce wa miksa. Ni na goya shi. Da Innarmu ta kwanta ciwo ina aji shida, ni na karɓi tanda, shi kuma muka tura shi har ya gama sakandare. Tun yana ƙarami haka kunnensa yake. In injin niƙan maƙwabta zai lalace, kwana biyu kafin nan zai ce, "Yaya, kukan injin can ya canza." Kuma wallahi sai ya lalace.

Ni da shi ba mu taɓa shiri a kan waƙar Sallah ba. Ni in an ga wata ina son layi ya cika da kiɗa, kowane shago da tasa waƙar, ana ta wucewa da sababbin kaya. Ko wacce aka sa min ina so. Shi kuwa sai ya yamutsa fuska.

"Yaya, wannan fa ba waƙar Sallah ba ce, tallar mutum ce. Saurara ki ji. Sau nawa aka ce Sallah, sau nawa aka ce Honarabul?"

"To ba kai ne kake kunna musu ba, malam mai gyara?"

"Ni nawa sauti ya fita tas. Wayata ba ta da jam'iyya."

Shi ne ma ya ɓata min gala. Da ina ganin mawaƙi a kan dandamali yana zufa yana riƙe ƙirji, sai in ce kai, Allah ya ba wannan murya. Ashe makirufon a kashe yake. Waƙar da aka riga aka ɗauka a sitidiyo ce ake kunnawa, shi mawaƙin baki kawai yake bi. Abdulƙadir ya ce, "Ni ne mawaƙin, Yaya, da yatsa ɗaya." Abin da yake so shi ne masu kalangu a bikin mahauta. Ya ce su in sun yi kuskure za ka ji kuskuren, kuma mutum ne a gabanka yake numfashi. In ya samu irin wannan aikin sai ya dawo yana ba da labari kamar an ba shi kujerar Makka.

Akwai wani mawaƙi, Ila, shekara shida suna aiki tare. Ila mawaƙin Alhaji Mustapha ne, wanda ke neman kujerar majalisar jiha a wajenmu. Ko sunansa Ila ba ya faɗa, sai dai Maigida. Wanda ke kan kujerar kuma shi ne Honarabul Kabir, su biyun ko ga maciji ba sa yi. Sannan akwai wani abu da suke yi a sitidiyo, Abdulƙadir ya taɓa gaya min. Waƙa ɗaya sai a yi wa mutum biyu. Kiɗa ɗaya, baiti ɗaya, suna kawai za a cire a sa wani. A tsakaninsu suna ce masa sauya hula.

Washegarin ƙaramar Sallah da ta wuce, Alhaji Mustapha ya shirya gala kyauta a wani fili a Doka, bayan la'asar. Abdulƙadir ne da sauti. Ni da Samira muka ci kwalliya muka tafi, ya samo mana kujera kusa da inda yake. Fili ya cika, ga matasan Alhaji sanye da riguna masu hotonsa, wasu idonsu jajir. Ila ya zo a makare. Ya miƙa wa Abdulƙadir filas, ɗan abin nan da ake zuba waƙoƙi a ciki a soka a kwamfuta, ya ce, "Sa ta Maigida," ya haye dandamali da gudu.

Da Abdulƙadir ya buɗe sai ya ga waƙa guda biyu. Ɗaya an rubuta Maigida. Ɗaya an rubuta Maigida sabo. Sai ya ɗauka Ila ya sake gyara waƙar ce saboda Sallah. Ya danna ta biyun.

Ashe tun cikin azumi Ila yake zuwa gidan Honarabul Kabir a ɓoye. Ya sauya wa waƙar hula ya ajiye, yana jiran ranar da zai bayyana.

Kiɗa ya tashi, wanda kowa ya sani. Fili ya ɗauka. Ni ma ina ta rausaya a kujera. Alhaji Mustapha ya miƙe yana ɗaga hannu, babbar riga na ta walƙiya. Ila na ta bin baki. Sai aka zo amshi. Da idona na ga bakin Ila ya ce Mustapha, lasifika takwas kuma suka ce, "Kabiru, Kabiru, sai ka maimaita!" Sau biyu aka faɗa kafin Abdulƙadir ya kashe.

Ila ne ya fara magana. Ya nuno ƙanena da yatsa daga sama ya ce, "Shi ne! An saye shi!"

Matasan nan suka yo kansa. Suka kifar da tebur. Wani dogo ya tafa masa hannu biyu a kunnuwa, tau, har inda nake na ji. Wani ya ce, "Tunda ba ka ji abin da ka kunna ba, yanzu za ka ji." Suka ja shi zuwa babbar lasifikar ƙasa, suka danna kansa a jikinta, suka ƙure ƙara, suka kawo makirufo kusa. Kun san irin ƙugin nan mai tsinin da take yi. Mutanen da ke can baya ma toshe kunne suka yi. Na tafi da gudu ina cewa ƙanena ne, ku bar shi, wani ya ture ni na faɗi a kan kujeru. Da suka sake shi jini na zuba ta kunne biyu har wuyan sabuwar shaddarsa. Yana kallon bakina ina kiran sunansa, yana girgiza kai.

A asibiti likita ya ce dodon kunne duka biyu ya fashe. Ya ce na dama kar mu sa rai, ɓarnar ta shiga ciki. Na hagu kuma a jira sati shida zuwa takwas, ko ya haɗe ko bai haɗe ba. Kar ruwa ya shiga, kar ya je inda ake hayaniya.

A gadon asibitin ne Abdulƙadir ya ba mu labarin rubutun nan biyu. Da ƙarfi yake magana, tunda ba ya jin kansa, duk ɗakin suna saurare. Ni kuma bakina bai da birki, sai na ce wa Samira, "To ai waƙa mace ce. Da ita aka gyara, sabuwa za a rubuta. Sabo ai maigidan ne sabo." Ya ga bakina na motsi, ya matsa sai an gaya masa me na ce. Samira ta rubuta masa a waya. Ya karanta ya sake karantawa. Sannan ya ce, "Ni ne fa aka kai sakandare." Ya juya fuska bango. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan magana.

Satuttukan da suka biyo baya ba na son tuna su. 'Yarsa Khadija ta tsaya a bayansa tana Abba, Abba, bai juyo ba, ta fashe da kuka. In ya yi musu magana kuma sai su firgita, su ɗauka faɗa yake. Da ya gane sai ya daina maganar gaba ɗaya. Ya zauna a tsakar gida ya jawo ƙaramar lasifika, ya kunna, ya ɗora tafin hannu a kai yana jin motsinta. Masu ba shi aiki suka koma wajen wasu. Ila ko leƙe. Yanzu ma a fili yake yi wa Honarabul Kabir waƙa, waccan ɗin dai, ita ake ta sawa a shaguna. Daga wajen Alhaji Mustapha wani mutum ya zo da katan ɗin lemo, wai Alhaji na jajantawa, a tsaya a yi hoto. Na ce masa ya ɗauki lemonsa kafin in ɗauko muciya.

Ni na sha tsayawa layi cikin rana in dangwala wa mutane ƙuri'a. Ban ce kowa ya daina ba. Amma ni dai yanzu in na ji waƙa da sunan mutum a ciki sai in kau da kai. Rediyon da nake ajiyewa gefen tanda ma na mayar da ita ɗaki. Alhaji Mustapha da Honarabul Kabir ɗin nan gobe za ka iya ganinsu a tabarma ɗaya suna dariya, wa ya sani. Ƙanena ne ba wanda zai mayar wa kunne.

Jiya sati bakwai cif. Bayan azahar na je gidan. Abdulƙadir na zaune a kan tabarma ya ba mu baya, yana warware wata wayar lasifika da ba abin da ya same ta. Mun riga mun saba yin maganarsa a gabansa, ni da Samira, kamar ba ya wurin. Na zauna na ce mata, "Samira, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kunnen nan ya tafi. A sayar da miksar nan da lasifikun, a kai shi wajen tela a Abakpa ya koyi ɗinki. Ɗinki ba ya son kunne."

Samira ta ce, "Yaya, wa zai iya gaya masa?"

"Ba za a sayar ba."

Muka kalli juna. Bai ɗago kai ba, yana nan da wayarsa. Kuma a hankali ya faɗa, da muryarsa ta da.

Na ce, "Kai, bakina ka gani?"

Ya ce, "Ina zan ga bakinki kina bayana? Kwana uku ke nan nake ɗan ji ta hagu, kamar ana magana a cikin randa. Tsoro nake ji in faɗa ya sake tafiya."

Samira ta saki kwanon da ke hannunta, shinkafa ta watse. Ni ban san sanda na yi guɗa ba, sai da ya toshe kunnen ya ce, "Yaya, don Allah, guda ɗaya ya rage min!" Muka ɗauke shi a Keke sai asibiti. Likita ya leƙa ya ce na hagu ya haɗe, ji zai ƙaru amma ba zai koma kamar da ba. Na dama ya tafi ke nan. In an kira shi yanzu sai ya yi ta waige-waige, bai san ta ina muryar ta fito ba.

A hanyar dawowa muka kama faɗa. Ya ce zai koma aiki. Na ce da wane kunnen? Ya ce da wanda Allah ya bar masa, zai riƙa yin walima da ɗaurin aure da wa'azi, inda ba a ƙure ƙara. Na ce in ɗan siyasa ya kira ka fa? Ya ce zai duba. Na ce za ka duba? Bayan duk wannan? Ya ce, "Yaya, yara za su ci abinci." Har yanzu maganar nan tana damuna.

Muna ta yi har Keke ya shigo layi. Sai na lura tun daga asibiti nake faɗa yana ramawa, ba waya, ba rubutu. Na juya kai gefe na ce ƙasa-ƙasa, "Mai taurin kan tsiya."

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "To ka ji ɗin. In ƙara?"