Mu bulala, su dariya

Jiya ƙanshin man zaitun a kasuwar Vénissieux, kusa da Lyon a Faransa, ya tuna mini da Malam, mai dangwala burodi a cikinsa. Shi ya koyar da ni a lakwal, makarantar boko, a Damagaram, da bulalar da ta isa kora raƙumi, kafin ya koma Sipaniya koyar da Faransanci.

Da ya zo hutu wurina a Lyon, ina durƙushe ina zuba masa shayi, wata ɗalibarsa ta Sipaniya ta kira shi a waya. Sunansa ta ambata gatsal, ba ko Malam! Shi kuwa sai dariya.

Na ce, "Malam, mu bulala, su dariya?"

Ya ce, "Ku kuka cinye bulalar duka, ɗana."

Allah ya jiƙansa, ya haɗa mu a Aljanna. Amma kusa da shi, ni zan zauna.