Akori-kurar Babanmu a Dajin Zungur

Babanmu bai bar hoto ko ɗaya ba. Mutum ne da ko a wurin ɗaurin aure ya hango mai kyamara sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba za a kama masa fuska a takarda ba. Na jikin lasisinsa na tuƙi kuwa ya bi lasisin sun ɓace tare. Sai ga shi ni, babban ɗansa, da ɗaukar hoto nake ci nake sha a wani ɗan shago a Ƙofar Wambai cikin garin Bauchi. Na ɗauki amare, na ɗauki 'yan makaranta, har ragon layya an taɓa kawo mini, amma na uban da ya haife ni babu.

Abin da ya rage nasa a duniya akori-kurarsa ce, wadda yake kwaso buhunan manoma da ita daga Zungur zuwa cikin gari. Injinta ya buga a hanya, suka tura ta cikin daji kusa da gonar wani amininsa, da niyyar ya dawo da bakanike. Bai dawo ba, ciwo ya kwantar da shi, daga nan sai kabari. A jikin marfin bayanta akwai rubutun da ya yi da hannunsa da farin fenti: SAI NA DAWO. Maganar da yake wa Innarmu ke nan kullum in zai fita, ita kuma ta ce masa a dawo lafiya.

Bayan shekaru da rasuwarsa, da wata damina ta kama, likita ya ce Inna hawan jinin ido gare ta, kuma abin da ya tafi na ganinta ba zai dawo ba, ragowar ma tafiya yake. Muna dawowa gida ta ce da ni, "Kai mai ɗaukar mutanen gari, je ka ɗauko mini motar nan. Rubutun nan nake so in gani tun ina gani."

Na ce an gama. Ashe na ɗauko wa kaina aiki.

Zuwana na farko rana na tsaka. Motar tana nan, ta nutse cikin ciyawa, babu taya, babu gilashi, wata bishiyar sabara ta fito ta inda sitiyari yake. Tsatsa ta cinye ta ja wur kamar tukunyar da aka manta a bayan ɗaki. Rubutun yana nan, amma ya koɗe ƙwarai. In rana ta daki marfin sai ya ɓace ɓat, ga inuwar ganye ta yi masa dabbare-dabbare. Na durƙusa, na kwanta, na kare da babbar rigata, a banza. Sai da wani ɗan gajimare ya gifta na ga haruffan sun taso fes, kafin in saita kyamara ya wuce abinsa. Nan na gane sai ranar da gari ya yi lumshi.

To, lumshin garin Bauchi ba ya da alkawari. In na tashi na ga sama ta rufe, in rufe shago, in hau mashin, kafin in fita daga gari rana ta buɗe tana mini dariya. Wata ranar kuma lumshin ya zarce, hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, rafin da ke kan hanya ya cika, in tsaya a gaɓa jiƙe sharkaf, kyamara cikin leda a hammata, ina hango bishiyoyin wurin. Ranar da gari ya yi daidai yadda nake so, ranar ce wani zai tsare ni a shago da 'ya'yansa, fasfo yake so yanzu-yanzu. Wallahi har magana na fara yi da sama ni kaɗai a kan mashin, masu wucewa suna waiwaye.

Sau ɗaya na dace da ɗan lumshi, na samu wasu hotuna, na wanke na kai wa Inna. Ta kai takardar har bakin hancinta, ta juya ta, ta karkata wajen ƙofa. Ta ce, "Ni fa ciyawa nake gani. Ina motar?" Jan tsatsa da koren daji duk sun cakuɗe mata. Na ce ta ƙara mini haƙuri, zan samo wanda ya fi wannan fitowa. Ta ce haƙuri akwai, idon ne ba shi da shi. Ran nan ko tuwo ban iya ci ba.

Aminin Baba, tsohon da ke da gonar, shi ya hana 'yan gwangwan yanka motar duk shekarun nan, da sanda yake bin su. Ya sha ganina ina rarrafe a ciyawa ina tsaki. Rannan ya ce, "Ɗana, wai me kake nema a jikin ƙarfen nan?" Na gaya masa hoto Inna take so, kuma ya ƙi fita. Ya jinjina kai ya ce, "Ai dole ya ƙi. Bar ni da shi." Na ɗauka addu'a zai taya ni da ita, na yi godiya na tafi.

Bayan 'yan kwanaki na wayi gari da irin lumshin da nake roƙo, sama fari-fari, babu iska, babu alamar ruwa. Ko shago ban buɗe ba. Ina isa na ja birki, na zauna a kan mashin baki buɗe.

An share wurin tas kamar za a yi taron suna. An sare sabarar. An kankare tsatsar da yashi da toka. Motar kuma, tun daga goshinta har marfin baya, an shafe ta da shuɗin fenti irin na ƙofar shago, yana ta ƙyalli. Inna lillahi! Na ruga bayanta. Babu S, babu A, babu komai, shuɗi ne kawai har da sawun burushi.

Tsohon ya fito daga cikin dawa da fara'arsa, ya sanyo rigarsa ta Juma'a. Ya ce, "Yo wa ya taɓa zuwa ɗaukar hoto bai yi wanka ba? Matar aminina za a kai wa, a kai mata shi da datti? Mutane su ce mun wulaƙanta kayansa?"

Na ce, "Baba, rubutun fa? Rubutun hannunsa!"

Ya leƙa ya ce, "Af, ai dama ya goge. Ni ban ga komai ba."

Gaskiyarsa ne, da rana ya yi aikin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in yi ihu, amma yaya za ka ɗaga wa sa'an ubanka murya, mutumin da ya sayo fenti saboda kara? Na gwada farce a gefen marfin, shuɗin ya taso tare da tsatsar da ke ƙarƙashinsa, duk abin da ke wurin ya bi su. Na bari. Na ɗauki hoton hawaye na cika mini ido, shi kuma ya gyara hula ya tsaya a gefenta, wai a sa da shi.

Na wanke hoton babba na kai gida ba don ina so ba. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ya fi. Tun kafin ta kai shi kusa da fuska ta ce, "Yauwa! Ga ta nan. Yau na gan ta." Ta bi gefen shuɗin da yatsa, ta bi bodin, ta tsaya daidai kan marfin baya.

"Nan ne ko?"

Na ce nan ne.

"Ƙananan abubuwa sun fi ƙarfina yanzu. Karanta mini."

Na dubi wurin, fenti ne fal, ko ɗigo babu. Na ce, "Sai na dawo."

Ta shafa wurin da yatsa. Can ta ce, "A dawo lafiya."