Kaskon Iya Magajiya

A duk unguwarmu a Rano, gidanmu ne kaɗai ake ajiye ashana cike da gwangwani, kuma gidanmu ne kaɗai ake fita neman wuta kowace safiya. Kakata ce mai wannan aiki. Da gari ya waye sai ta leƙa murhu, in ta ga garwashin jiya da sauran rai ta yayyafa masa ruwa, sannan ta yafa mayafi, ta ɗauki ɗan kaskonta, ta nufi maƙwabta. Ba ta aiken yaro, ba ta kuma zuwa gida ɗaya kwana biyu a jere. Mahaifiyata, wadda aka auro daga Kibiya, daga gidan da ake jin kunyar aron gishiri, ta daɗe tana cizon leɓe kafin ta haƙura.

Iya Magajiya muke ce mata. Sunan ta taho da shi ne daga bariki, inda ta shugabanci matan sojoji. Mijinta, kakana Malam Liman, limamin soja ne tun zamanin Turawa. Da aka kwashi bataliya zuwa yaƙin Bama, shi aka bari da masallaci da mata da yara. Ya yi ritaya ya dawo gida da buhun littattafai da wata ɗabi'a ta duba ƙafafun mutane a sahun salla kamar mai duba fareti. Dattawan unguwa suna girmama shi, amma in za su bi shi salla sai ka ga kowa yana gyara tsayuwa tun daga bakin ƙofa.

Lokacin kaka, in an kawo gyaɗa daga gona, nan ne kasuwar tatsuniya take ci. Bayan an ci tuwo an yi isha'i, sai a hura wuta a tsakar gida, a zube gyaɗa a faifai, mu kewaye Iya mu bakwai ko takwas. Dokarta ɗaya ce: hannun da ya daina ɓara, kunnen mai shi ya daina ji. Kuma ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi.

“Ga ta nan ta fito fareti,” in ji ta.

“Ta ƙame mu duba ta,” mu amsa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda take maimaitawa har muka haddace. Wai Sarkin Tsuntsaye ya naɗa 'yan aike biyu masu kai labarin mutuwa, Mujiya da Kurciya. Mujiya mai jin kai ce, ta ce muƙami irin wannan ba ya son yawo. Sai ta shige kogon kuka, ba ta fitowa sai da saƙo. Ba a daɗe ba tsuntsaye suka gane. Da an hango ta a kan reshe sai iyaye su janye 'ya'yansu, a toshe bakin sheƙa, wasu har da jifa. Sai ta tsaya daga nesa ta faɗi sunan mamaci da ƙarfi, mai shi ya ji shi a tsaye, ba kowa kusa da shi.

Ita kuwa Kurciya, kowace safiya tana gidan wani. Yau ta roƙi ƙwayar gero, gobe tsinken gyara sheƙa, jibi ta ce ƙishirwa take ji, alhali kogi yana bayan gidanta. Aka yi ta yi mata dariya, ana cewa 'yar aiken sarki guda ba ta da ko tsaba. Ranar da saƙo ya faɗo a kanta, ta je gidan Zabuwa, aka buɗe mata kamar kullum. Ta shiga, ta zauna, ta sha ruwa, sannan ta faɗa. Zabuwa ta faɗi, amma a jikin Kurciya ta faɗi.

“Shi ya sa har yau,” in ji Iya, “Kurciya take kiwo a tsakar gidanku, Mujiya kuwa ko inuwarta ba kwa son gani. Saƙonsu ɗaya.”

Ni a lokacin ina aji uku, na fara karanta littafi, saboda haka ina ganin babu abin da ya fi ƙarfina. Na ce, “Iya, ni dai a ganina Kurciyar nan kwaɗayi ne da ita.”

“Malama ta yi fatawa,” ta ce. “Malam, kana ji? An samo maka na'ibi.”

Daga ƙofar ɗakinsa, inda yake jan carbi yana nuna ba ya sauraro, kakana ya ce, “Magajiya, ki bar ta. Ni ma da farko haka na fassara.”

“Ka fassara, ka kuma sayo ashana gwangwani guda.”

“Gudummawa ce ga Kurciya.”

Muka yi dariya ba tare da mun san abin da ake yi wa dariya ba. Iya ta kakkaɓe zaninta ta ce an busa begila, kowa ya watse.

Na yi kwalejin horon malamai, na fara koyarwa, na kuma auri wani ɗalibin kakana. Ba a jima ba shi ma ya shiga soja a matsayin liman, muka tare a wani bariki mai nisa da gida, daidai lokacin da ƙasa ta shiga yaƙi. A nan na koyi abin da ba a rubuta a takardar aikinsa ba. In labarin rasuwar soja ya zo, liman ne zai kai wa iyalinsa. Liman kuwa ba ya shiga wurin matar aure shi kaɗai. Matarsa ce take yin gaba ta yi sallama, shi yana tsaye a baya. Sau uku ya ce mini, “Ɗauko mayafinki,” sau uku na ɗauko. Na yi aikin yadda ya kamata, na koma ɗakina na kunna risho, na ci gaba da duba littattafan yara.

Akwai Asabe, matar wani kofur, 'yar Fassi, can wajenmu. Ita kaɗai ce a barikin nan ta san dutsen Rano da ranar kasuwarmu. Mijinta yana fagen daga, tana da ciki. Wata rana aka aiko mini da daddawa daga gida, na ƙulla mata rabi, na yafa mayafi na nufi layinsu. Tana tsugune tana wanki ta hango ni. Ta miƙe, ta ɗora hannu a ka, ta zube cikin ruwan sabulu tana kiran sunan Allah. Ƙofofin layin suka riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye da ƙullin daddawa ina cewa lafiya lau ne, babu mai ji. Da ta dawo hayyacinta ta ce, “Malama, don Allah, in kina ƙaunata kada ki ƙara biyowa ta nan.”

Da hutu ya zo na je Rano. Iya ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kaskon yana nan a bakin murhu. Na ba ta labari. Ba ta yi mini jaje ba.

“Da me kike girki?”

“Risho.”

“Ashana fa?”

“Akwai.”

“To ke me za ki je nema a gidan mutane, in ban da ransu?”

Ta ce ita ma a shekarar da aka tafi Bama, wata mata ta taɓa watsa mata ruwan zafi daga bayan ƙyaure. A washegarin ranar ta fara kashe wutarta. “Mace ba ta hana 'yar'uwarta garwashi,” ta ce. “Ko tana tsoronki sai ta buɗe. In ta buɗe yau ta buɗe gobe, ranar da za ki zo da abu mai nauyi, ba a tsaye za ta karɓa ba. Mijinki yana da ayoyin da zai karanta. Ke aikinki a sami inda za a zauna a ji su.”

Na tambaye ta me ya sa ba ta daina ba bayan sun bar bariki. Ta ce, “A Rano ba a mutuwa ne?”

Na koma da kasko sabo, na tura risho ƙarƙashin gado. Malamar makaranta mai takardar shaida, tana bin layi da safe tana neman wuta: matan bariki sun sami abin hira na wata guda. Mijina ya ce ko albashi ne bai isa ba, na ce masa ya tambayi malaminsa. Ƙofar Asabe ce ta ƙarshe da ta buɗu. Ranar farko ta turo mini garwashin da ƙafa, ba ta dube ni ba. Daga baya ta fara cewa in tsaya in sha koko. Da ta haihu, ni na riƙe jaririn ranar suna.

Yaron yana rarrafe lokacin da mijina ya shigo wani hantsi, ya tsaya bai cire hula ba. Na ɗauko mayafi. Na yi sallama a ƙofar Asabe, ta buɗe tana dariya, ta dubi hannuna ta ga babu kasko, ta hango mijina tsaye can baya.

“Yau ba wuta kika zo ɗiba ba.”

“A'a.”

Ta daɗe tana riƙe da ƙyauren. Sannan ta ce, “To shigo.” Ta shimfiɗa tabarma da hannunta, ta miƙo mini yaron, ta zauna har gwiwarta tana taɓa tawa. Sai a lokacin na yi wa mijina izini ya matso.

Na koyar shekaru masu yawa, na karanta littattafai a kan haƙuri da ladabin ta'aziyya, kuma ban raina ko ɗaya ba. Sai dai duk sun fara bayani ne daga lokacin da aka riga aka shiga ɗaki. Yadda za a buɗe maka ƙofar, wannan a bakin murhun Iya na koya, kuma sai da na fara faɗuwa jarrabawar. Yanzu ina da abin girki na gas, maƙwabtana ma haka, babu wanda yake da garwashin da zai ba ni. Don haka gishirina ne yake ƙarewa kullum. Jikata ta ce in bari ta sayo mini buhu guda in huta. Na ce mata ta sayo, akwai wuri a ƙarƙashin gado.