Bangon Kicin ɗin Mama Saratu

Har yau ban manta da ranar da na rushe bangon kicin ɗin Mama Saratu ba, a wani bene da ke Makera. Ku sababbin shiga aikin gyaran gida ku saurara, don ni na gaji da maimaitawa.

'Yarta Rahila ce ta ba ni aikin daga Abuja. Ta yi ta turo hotuna a waya: fenti ruwan toka, silin mai ɓoyayyun fitilu, kicin haɗe da falo babu bango, yadda ake yayi yanzu. A ƙa'idarmu, kafin ka taɓa bango sai ka duba ko shi ke riƙe da nauyin bene, ka bi wayar wuta da bututun ruwa, ka nemi izinin mai ginin. Duk na yi. Tsohuwar da ke zaune a ciki ce kaɗai ban tambaya ba.

"Malam Ɗanjuma, dole ne?" in ji ta.

Na ce, "Mama, haka Madam Rahila ta ce." Na ɗaga guduma.

Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Bayan wata biyu na koma gyaran famfo, sai ga matan zumunta su huɗu sun biyo gaishe da Mama daga coci. Daga kan kujera suna hango 'yar tukunyar miya. Mama ta miƙe za ta zuba musu, suka haɗa baki: "A'a Mama, yanzu muka ci."

Da suka fita ta dube ni. "Ka gani, ɗana? A da in na shige bayan bangon nan, na ƙara ruwa, na ƙara kuka da daddawa, miyar mutum biyu sai ta ishi goma, ba wanda ya sani. Tun da ka rushe shi, baƙo bai ci abinci a gidana ba. Tausayina suke ji. Wasu ma sun daina zuwa."

Kunya ta rufe ni. Na kira Rahila na ce zan mai da bangon. Ta yi ta faɗa a waya, wai za a mai da gidan na ƙauye, amma ƙarshe ta yarda. Bulon da na sauke da gumi, da gumi na sake hawa da wani, bayana na ciwo.

Tun daga nan, ba nauyin da bango ke riƙe da shi kaɗai nake dubawa ba, ina tambayar wa yake rufa wa asiri. Ranar da filasta ta bushe, Mama ta ce in zauna in ci. Ina jin zubar ruwa a tukunya daga bayan bango, na yi kamar ban ji ba.