Duwatsun Kabarin Sani

Daga Shanga zuwa Yelwa

Ana sallame Asuba na fito daga gidanmu a Shanga da fartanya a buhu. Inna ce ta aike ni. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauyen masunta a ƙasar Ngaski, suka kashe ƙanena Sani da wasu da dama. A gurguje aka binne su rami guda a bakin tafki. Duk shekara kafin ruwa ya taso sai dangi sun je sun ƙara ƙasa da duwatsu, in ba haka ba ruwa ya tafi da su.

A kowane shinge sai soja ya zazzage buhuna, ya kalli fartanya, ya kalle ni. Direbanmu ya ce, "Yau manya za su wuce, shi ya sa sunka farka."

Wara

Daga Yelwa wata motar ta kai ni Wara da hantsi. Na karya da ƙosai da kunu a bakin ruwa, na nemi jirgi. Babu. Duk an yi shatarsu don taron tunawa da mamatan, ga zaɓe ya matso.

Wani mai jirgi ya miƙo mini hula mai hoton ɗan takara. "Sa wagga ka shigo, malam. In ba ita, ba ka haye ruwanga yau."

Na sa. Raina bai so ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Filin taro

A filin makaranta aka yi taron, nesa da kabarin, inda masu ɗaukar hoto za su iya kaiwa. An gina wani dogon ginshiƙi an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Mai jawabi na farko ya ce laifin gwamnatin da ta shuɗe ne. Can gefe 'yan adawa suna nasu da lasifika, suna cewa laifin ta yanzu ne. Har la'asar ban ji an ambaci sunan mamaci ko ɗaya ba. Na gaji tilis, na kwana a masallacin garin.

Bakin tafki

Da safe na taka zuwa kabarin. Ruwa ya riga ya ci gefen gabas. Na tarar da wani dattijo Bakambare, Baba Audu, Kirista ne, 'yarsa tana ramin tare da Sani. Yana ta tura ƙasa da hannu.

Na ce, "Baba, ina duwatsun da munka jera bara?"

Bai ɗago ba ya ce, "'Yan kwangila sun kwashe. Da su anka gina ginshiƙin da kunka yi wa tafi jiya. Sun ce nan ya fi kusa da dutse."

Na ajiye buhuna. Muka wuni muna ɗauko duwatsu daga tudu a ka, har wuyana ya sage. Abin da ruwa ya riga ya ɗauka daga cikin ramin kuwa, ba mu san ko na wane ne ba.

Gida

Kashegari da magariba na iso Shanga, ina godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da Baba Audu da ya ba ni masauki. Inna ta ce ta ji taron a rediyo, an ce ƙasa ba za ta taɓa mantawa da su ba. Sannan ta rage murya ta ce, "Yana nan dai inda anka sa shi?"

Na ce, "Inna, mun gyara abin da munka tarar."